Lesin JAMB: Kasuwar da Ta Tsiro a Inda Makaranta Ta Gaza

Da zarar hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, ta sanar da ranar fara sayar da fom, galibi a tsakiyar hunturu, sai kyallayen talla su cika katangu da turakun lantarki. A Kano ana ganinsu daga Kabuga zuwa Rijiyar Zaki, daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Hotoro. A Zariya kuwa daga Samaru har Kongo da Tudun Wada. Haka abin yake a Kaduna da Katsina da Sakkwato. Maganarsu kusan ɗaya ce: a zo a yi rajistar lesin, akwai gogaggun malamai, akwai kwamfutocin gwaji, ɗaliban bara sun ci 250, wasu ma sun haura 300. Babu kyallen da ke faɗin yawan waɗanda suka zauna benci ɗaya da waɗannan zakaru amma suka tashi da 150.

Wurin karatun ba shi da fasali guda. Wani ajin firamare ne mai zaman kanta da ake haya bayan an tashi yara. Wani shago biyu ne aka fasa bangon tsakaninsu, aka jera benci, aka kafa farin allo. Wani kuma gini ne na musamman mai sola da fanka da kwamfutoci reras, kuɗinsa sai ɗan mai hali. Zaman safe na waɗanda suka gama sakandare ne suke zaune a gida suna jiran gurbi, wasu shekara ɗaya, wasu har uku. Zaman yamma na 'yan ajin ƙarshe ne, masu zuwa da kayan makaranta a jikinsu, ko abincin rana ba su ci ba. Asabar da Lahadi kuma na ma'aikata ne da matan aure da suka ƙudurta komawa karatu.

A cikin waɗannan ɗakuna ana aikin gaske, ana kuma cin kuɗin mutane a banza, wani lokaci duka a layi ɗaya. Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda yaron da ya shekara shida a sakandare, da takardar shaida a hannunsa, sai ya sake biyan kuɗi kafin a koya masa abin da manhajar waɗannan shekaru ta ce ya riga ya sani.

Tambaya 180 cikin minti 120

An kafa JAMB a 1978, zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, lokacin da jami'o'in ƙasar nan 13 ne kacal. Kafin nan kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta yadda ta tsara, sai ka ga mutum ɗaya ya samu gurbi a wuri uku ya tare wa wasu hanya. A 2010 aka haɗe jarrabawar jami'o'i da ta kwalejojin fasaha da na ilimi ta zama guda, wadda ake kira UTME. A 2013 aka fara gwada yin ta a kwamfuta, zuwa 2015 aka yi sallama da takarda gaba ɗaya. Kowane sauyi ya buɗe wa masu lesin sabuwar ƙofar ciniki, amma babu kamar na 2015.

Ɗalibi yana zaɓar darussa huɗu, Turanci dole ne a cikinsu. Turanci tambaya 60 ne, sauran ukun kowanne 40, jimilla 180, a cikin awa biyu. Idan aka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita, a karanta, a fahimta, a yi lissafi in da lissafi, a zaɓi ɗaya daga amsoshi huɗu. Makin duka 400 ne. Sakamakon kuma na shekara ɗaya ne tak, wanda bai samu gurbi ba sai ya sake sayen fom baɗi.

Ga abin da wannan tsari ya haifar a 2025. A sakamakon farko da hukumar ta fitar na mutum 1,955,069, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba. Mutum 983,187, wato rabin masu zaman, sun tsaya tsakanin 160 da 199. Waɗanda suka kai 300 ko suka wuce 12,414 ne a duk faɗin Najeriya. Daga baya shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye, ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta taɓa sakamakon mutum 379,997 a cibiyoyi 157, aka kuma sake musu jarrabawa. Sai dai cibiyoyin nan a Legas suke da jihohin kudu maso gabas. Ɗalibin Gumel ko na Dutsin-Ma da ya ga 148 a wayarsa ba shi da na'urar da zai ɗora wa laifi. Shekarar da ta gabace ta ma, wadda ba a yi wannan tangarɗa ba, kashi 76 cikin 100 ne ba su kai 200 ba.

Akwai wani lissafi da ba a cika yi ba. Tunda amsoshi huɗu ne a kowace tambaya, wanda ya rufe ido ya yi ta canka zai dace da kusan ɗaya cikin huɗu, wato wajen maki 100. Mafi ƙarancin makin da aka tsayar a 2025 kuwa 150 ne ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin fasaha da na ilimi. Ke nan ɗimbin yaranmu da ke cin 140 da 150 ɗan kaɗan suka ɗara mai canke, bayan shekara 12 a makaranta. Wannan ba maganar rashin ƙwaƙwalwa ba ce. Yaron da ya haddace Alƙur'ani, ko yake riƙe da lissafin shagon mahaifinsa a ka, ba dakiki ba ne. Ba a koya masa ba ne.

A ɗaya ɓangaren, 150 ɗin nan ba ta kai kowa inda yake so. Mafi yawan iyaye likita suke so, ko lauya, ko injiniya, ko ma'aikaciyar jinya. Hukumar kula da aikin likitoci ita ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, haka ma hukumar ilimin lauyoyi. Guraben kaɗan ne, masu nema dubbai. Wanda ke son karatun likita a Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello ko Usmanu Ɗanfodiyo ya san 200 ba za ta kai shi ko bakin ƙofa ba. Saboda haka mutum iri biyu ne ke cika ɗakin lesin: mai neman ya tsallake 180 ko ta halin ƙaƙa, da mai 240 da ke neman 290. Malami ɗaya ne ke tsaye gabansu, kuma a mafi yawan wurare bukatar na biyun ake bi, domin makinsa ne zai hau kyallen talla.

Abin da wata uku ke iya yi

Kada a raina lesin mai kyau. Abu na farko da yake bai wa yaro shi ne sanin hanya, wanda ya kamata a ce makaranta ta ba shi kyauta. Mai son likitanci Turanci zai haɗa da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji. Mai son injiniya Lissafi zai sa a madadin Bayoloji. Mai son lauya ba ya tsallake Adabin Turanci. Duk shekara akwai yaran da ke cin maki mai kyau su rasa gurbi don kawai sun haɗa darussan da ba su dace da kwas ɗin ba, alhali duk wannan bayani yana shafin hukumar a intanet, tare da manhajar kowane darasi, ba a biyan ko sisi. Tun 2017 kuma ta manhajar CAPS ake ba da gurbi. Sai ɗalibi ya tabbatar an ɗora sakamakonsa na WAEC ko NECO, sai ya shiga da kansa ya karɓi gurbin idan an ba shi. Makarantun gwamnati nawa ne ke da malamin ba da shawara da ya san waɗannan? Mai lesin ya sani, domin abincinsa ne.

Na biyu shi ne kwamfuta. Har yau akwai ɗaliban da ranar jarrabawa ce ranar farko da za su zauna gaban allon madannai. Hukumar ta yi ƙoƙari a nan, ta tsara yadda ba sai an taɓa linzamin kwamfuta ba: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na zuwa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Abu ne da ake koya cikin rabin awa. Amma tsoro ba ya fita cikin rabin awa. Yaron da hannunsa ke rawa, yana kallon agogon da ke raguwa a kusurwar allo, zai ɓata minti goma kafin ya nutsu, minti goma kuwa tambaya 15 ke nan. Wanda ya yi gwaji sau da yawa a ɗakin lesin yana shiga ne kamar ya shiga ɗakinsu. Hukumar tana shirya jarrabawar gwaji tun 2017, amma ganin dama ce kuma da ƙarin kuɗi: a 2025 rajista naira 7,200 ce, da gwaji kuma 8,700. Da yawa daga cikin waɗanda suka fi bukatar gwajin su ne ke barin sa saboda wannan naira 1,500 da kuɗin motar zuwa.

Na uku dabarun zama: a fara da darasin da aka fi ƙarfi, kada a tsaya kokawa da tambaya ɗaya, a cire amsoshin da ba za su yiwu ba kafin a zaɓa, kada a bar gurbi babu amsa. Sai kuma bitar tambayoyin shekarun baya, wadda ita ce kashin bayan kowane lesin. Duk waɗannan halal ne, kuma suna ƙara maki.

Malamin lesin na ƙwarai yana da wata baiwa da na daɗe ina jinjina wa. Yana ɗaukar tambayar Fiziks ya warware ta da Hausa tsaf, da misalin amalanke da guga da rijiya, har sai ya ga idon yara ya buɗe. Sannan ya koma kan Turancin tambayar, ya nuna musu kalmar da ke juya ma'ana, wadda idan ba a lura da ita ba za a zaɓi kishiyar amsa. A nan ne ake gane cewa rabin abin da muke kira faɗuwa a kimiyya faɗuwa ce a Turanci.

Abin da ba ya iyawa

Turanci shi ne katangar da ta fi tsayi a gaban ɗan Arewa, kuma ita ce wadda lesin ya fi kasa rushewa. Duk darussan da Turanci ake tambayarsu, in ban da na harsuna irin su Hausa da Larabci. Yaron da ke karatu yana bin kalma ɗaya-ɗaya da yatsa, yana fassarawa a zuci kafin ya gane, daƙiƙa 40 ɗinsa ta ƙare tun bai kai ga amsoshi ba. A takardar Turancin kanta akwai dogayen nassoshi da za a karanta a amsa tambaya a kansu. Akwai kuma sashen furuci, inda ake tambayar wane sauti ya yi daidai da wane, da gaɓar da ake dannawa a kalma, duk a rubuce ba tare da an ji sautin ba. Wanda ya tashi a gidan da ake jin Turanci a rediyo da bakin iyaye yana amsa wannan da kunne. Wanda bai taɓa jin an furta kalmar daidai ba sai dai ya haddace, kuma abin da lesin ke ba shi ke nan: jerin kalmomi a takarda.

Hatta littafin da hukumar ke wajabta karantawa bai tsira ba. Daga 2021 zuwa 2024 littafin Khadija Abubakar Jalli ne, The Life Changer, wanda wani ɓangare na labarinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yake gudana. A 2025 aka koma The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba. Manufar ita ce yaro ya karanta littafi guda daga farko har ƙarshe. Abin da ke faruwa shi ne a sayar masa da taƙaitawa ta 'yan shafuka da jerin tambayoyin da ake hasashe. Zai iya cin makin, amma saurin karatun da littafin zai ba shi, wanda zai amfane shi a duk darussa huɗu, ya tafi.

Saurin karatu abu ne da ake ginawa tun firamare, da littattafai a hannu da malamin da ke duba rubutu. Haka Lissafi: wanda bai iya kasafi da ɓangarori ba tun ƙaramar sakandare, ba za a ɗora masa lissafin aji shida cikin mako goma ya zauna ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Masu lesin na gaskiya sun san haka, wasunsu ma suna faɗa wa iyaye ƙarara cewa yaron nan shekara guda yake bukata. Amma uba yana son jin wata uku, kuma akwai wani a layin gaba da zai ce masa wata uku ta isa.

Su wa ke koyarwa? Ɗaliban jami'a masu neman na kashewa, 'yan bautar ƙasa, masu digiri da ba su samu aiki ba, da kuma malaman sakandare. Wannan rukuni na ƙarshe shi ne abin dubawa. Sau da yawa malamin da ke jan ƙafa da safe a makarantar gwamnati, gaban aji mai cunkoson da ba a iya ratsawa, shi ne ke zuba karatu kamar ruwa da yamma. Yana da sauƙi a zage shi. Amma a duba halin da yake ciki: da safe albashi ne da ba ya kai shi tsakiyar wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a 2024, kuma ko ya koyar ko bai koyar ba babu mai tambaya. Da yamma kuwa ana biyansa bisa zaman da ya yi, idan bai iya ba yara su watse. Ilimin yana nan, malaman suna nan. Tsarin da zai sa su yi aikin da safe, inda kowane yaro zai samu, shi ne ya lalace. Inda abin ya zama zalunci tsantsa shi ne malamin da ke tsallake babi a aji da gangan, ya ce wanda ke son sa ya same shi a lesin.

Masu sayar da iska

Akwai kuma waɗanda ba karatu suke sayarwa ba. Su ne masu raɗa wa uba cewa suna da cibiya ta musamman inda za a taimaka wa yaro, ko suna da wani a ciki da zai ɗaga maki bayan sakamako ya fito. A WhatsApp da Facebook da Telegram kuma ga masu tallar tambayoyin gobe, a turo kuɗi a samu kafin asuba. Mafi yawansu damfara ce zalla. Wanda aka cuta ba ya iya kai ƙara, domin abin da ya je saya haramun ne.

Hukumar ta toshe ƙofofi da dama. Ta hana shagunan intanet yin rajista, sai cibiyoyin da ta amince da su. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Ana dangwala yatsa wajen rajista da wajen shiga, akwai kyamarori a ɗakunan, kuma duk shekara tana riƙe sakamakon wasu tana soke lasisin wasu cibiyoyi. Ta sha gargaɗi game da rajistar taro da makarantu da masu lesin ke yi wa ɗalibai. Dalilin a fili yake. Bayanan ɗalibi suna ɗaure ne da lambar wayar da aka yi rajista da ita, ta nan saƙonni ke zuwa. Idan mai lesin ya yi amfani da layinsa, ko ya riƙe lambar sirri, to makomar yaron tana aljihunsa: shi zai zaɓa masa makaranta, shi zai ga saƙon gurbi, kuma yana iya neman kuɗi kafin ya saki. Ko da iyaye ba su san komai game da JAMB ba, su riƙe wannan guda ɗaya, layin wayar ya zama na yaron ne, kuma ya zauna gaban allo ya karanta abin da aka cike da sunansa kafin a tura.

Wanda ba ya cikin ɗakin

Lesin harkar birni ce. Ɗan ƙauyen da makarantarsu ba ta da malamin Fiziks ko na Kimistiri tun shigarsa, shi ya fi kowa bukata, shi ne kuma babu ko ɗaya kusa da shi. Idan yana da ɗan'uwa a birni sai ya tare a can wata biyu. Idan babu, sai littafin tambayoyin baya da ya gada daga wani yaya. Manhajojin gwaji na waya da darussan YouTube, har da masu bayani da Hausa, sun rage wani abu, amma suna bukatar babbar waya da data da caji. Ranar jarrabawa ma shi ne mai kwana a tasha ko a masallaci, domin a 2025 an ga takardun da ke cewa a hallara ƙarfe 6:30 na safe, abin da ya jawo ƙorafi a duk ƙasar.

Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ya ware kashi 45 cikin 100 ga cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, waɗanda mafi yawansu na Arewa ne. An yi wannan don a ɗaga na ƙasa. Amma a cikin jihar, wa ke cin wannan kaso? Mai makin da ya fi, wato ɗan birnin da ya yi makarantar kuɗi ya ƙara da lesin. Sunan ƙaramar hukumar kakansa ne a takardarsa, amma yaron da ke zaune a ƙaramar hukumar da gaske bai ga komai ba.

'Ya'ya mata nasu ya fi nauyi. Lesin yamma yana kaiwa magariba, kuma iyaye da dama, bisa dalili mai kyau, ba sa son 'yarsu a adaidaita sahu da duhu. Idan kuɗin gida bai isa mutum biyu ba, an san wanda ake fara biya wa. Sannan namiji yana iya sake zama sau uku ba wanda ya ce uffan, ita kuwa shekara guda a gida ta isa a fara maganar miji, kuma ba kowane miji ke cika alkawarin barin ta ta ci gaba ba. Har lalle yana iya zama cikas: hukumar ta gargaɗi masu zama su guji ƙunshi a yatsu, domin yana hana na'ura karanta zanen yatsa. Wuraren lesin da suka ware zaman safe na mata, ko suka ɗauki malamai mata, suna cika tun kafin a gama talla.

A nan dole a yaba wa masu yin abin don Allah. Ƙungiyoyin ɗalibai na jihohi da ƙananan hukumomi, tsofaffin ɗaliban makarantu, matasan unguwa da ƙungiyoyin addini suna buɗe azuzuwa kyauta a lokacin hutu. Ɗalibin likitanci ɗan aji huɗu da ya koma garinsu ya tsaya gaban allo yana ba yara abin da ya fi Bayoloji, domin suna ganin ɗan layinsu da ya tsallake. Matsalarsu ita ce ba sa ɗorewa. Idan masu ƙwazon suka gama karatu suka tafi, sai abin ya mutu.

Ko an ci JAMB ɗin ma ba a gama ba. Tun 2005, zamanin ministar ilimi Chinwe Obaji, jami'o'i ke yin tasu jarrabawar tantancewa. Ministan ilimi Malam Adamu Adamu ya soke ta a 2016, aka dawo da ita a 2017 bisa sharaɗin kada kuɗinta ya wuce naira 2,000. Wasu jami'o'in suna yin ta a kwamfuta, wasu suna haɗa makin JAMB da na WAEC ko NECO kawai. Ko ta yaya, kakar lesin ta biyu ke nan, da wani sabon kuɗin.

An taɓa yin abin da ya fi wannan

Wasu na cewa a rufe wuraren lesin. An gwada a inda gwamnati ta fi tamu ƙarfi. Koriya ta Kudu ta haramta karatun kuɗi na bayan makaranta a 1980, abin ya koma ɓoye ya ƙara tsada, har kotun tsarin mulki ta soke haramcin a 2000. Sin ta ɗauki irin wannan mataki a 2021. Matuƙar jarrabawa guda ce ke raba mai shiga da mai komawa gida, iyaye za su nemi wanda zai shirya 'ya'yansu. Abin da ya dace da namu shi ne a san su, a yi musu rajista, a hana su taɓa bayanan ɗalibai, a hukunta mai alkawarin maki.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne mu tuna cewa Arewa ta taɓa amsa wannan matsala da hannun hukuma. Shugabannin da suka ga yaransu ba sa kai wa ga jami'a sun buɗe makarantun share fage. Jami'ar Ahmadu Bello ta yi tata a Zariya, ta kuma ɗauki nauyin jarrabawar IJMB tun shekarun 1970, wadda ke kai ɗalibi aji biyu na jami'a kai tsaye. Jihohi suka buɗe kwalejoji irin su CAS ta Kano da ta Zariya, inda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya koyar kafin ya shiga kasuwanci da siyasa. Har yau makarantar share fage ta Funtuwa tana aiki. Bambancinsu da lesin shi ne lokaci da tsari: shekara guda cur, da ɗakin gwaje-gwaje, da malaman da aka tantance, da manhajar da ake bi daga tushe. Da yawa daga cikin farfesoshi da likitocin da muke alfahari da su ta wannan ƙofa suka bi. Yawan masu bukata ya ninka sau da yawa tun daga lokacin, guraben ba su bi sahu ba, sai kasuwa ta cike giɓin da abin da ta ga ya fi saurin kawo kuɗi.

Yau abin da ya fi yawa shi ne ɗan siyasa ya sayi fom ɗari-ɗari ya raba a gaban kyamara. An gode, fom ɗin yana rage wa iyaye nauyi. Amma fom izinin shiga ɗaki ne kawai. Da rabin kuɗin ya tafi ga biyan malaman Turanci da Lissafi da kimiyya su riƙa koyarwa Asabar da Lahadi a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma, tun daga aji huɗu, da kwamfutoci ko da 20 ne masu aiki da sola, da sakamakon ya bambanta. Kuma ba sai an yi dogon bincike kafin a gane masu rauni ba. A Kano, inda gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, 'yan aji biyar na makarantun gwamnati suna zama jarrabawar kwalifayin, wadda da ita ake tantance waɗanda za a biya wa kuɗin NECO. Wannan sakamako yana nuna makaranta-makaranta, darasi-darasi, inda yara suka gaza, kusan shekara guda kafin su fuskanci JAMB. Ana amfani da shi wajen yanke wanda za a biya wa da wanda za a bari. Da shi kuma za a iya sanin inda za a tura malami.

Lokaci kuwa yana ƙurewa, domin a 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar cewa WAEC da NECO ma za su koma kwamfuta, har da ɓangaren da ake rubuta dogon bayani. Danna A ko B ana koyon sa a zama ɗaya. Buga cikakken sharhi da Turanci a allon madannai, cikin ƙayyadadden lokaci, yana bukatar watanni na gwaji, kuma makarantun gwamnati da yawa, musamman na karkara, ba su da ɗakin kwamfuta mai aiki balle wutar kunna shi.